Yadda ake auna ingancin gidan kula da tsofaffi a Ingila kafin a danƙa masa amanar iyaye

Duk Bahaushen da ya daɗe a Ingila ya san nauyin wannan magana a baki. A gida, tsoho yana ƙare kwanakinsa ne a tsakiyar 'ya'ya da jikoki da surukai, wannan ta dama kunu, wancan ya kama shi zuwa banɗaki, maƙwabta kuma suna leƙowa gaisuwa safe da yamma. A Landan ko Manchester ko Birmingham lissafin yakan sauya. Uwa ta samu shanyewar ɓarin jiki, sai mutum biyu ke iya ɗaga ta, ɗanta yana aikin dare, matarsa tana aikin rana, gidan kuma bene ne mai ƙunci. Ana cikin haka asibiti ya ce an sallame ta, jami'ar jin daɗin jama'a ta miƙo takarda ɗauke da sunayen gidaje uku, ta ce a zaɓi ɗaya cikin 'yan kwanaki. Ba zan tsaya muhawara a kan ko ya dace a kai ko bai dace ba, domin wanda ya kai wannan gaɓa ya riga ya sha wannan muhawara da zuciyarsa. Abin da nake so in nuna shi ne yadda ake bincike, domin kai tsoho irin wannan gida bai sauke wa 'ya'yansa nauyi ba, sai dai ya mayar da nauyin ya zama na sa ido.

Da farko a san cewa gidajen iri biyu ne, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su. Akwai wanda aikinsa taimako ne da wanka da sutura da abinci da ba da magani, babu nas a cikinsa sai wadda ke zuwa daga waje idan buƙata ta taso. Akwai kuma gidan jinya, wanda dole a samu nas mai rajista a cikinsa dare da rana. Wanda ake ciyarwa ta bututu, ko mai gyambon da ake wankewa kullum, ko wanda jikinsa ke iya rikicewa a kowane lokaci, gidan jinya ne wurinsa. Dokar kula da manya ta 2014 ta ba kowa haƙƙin ƙaramar hukumarsa ta auna masa buƙatunsa kyauta, mai kuɗi ne ko talaka, saboda haka a fara da wannan awo kafin a fara yawon duba gidaje.

Rahoton hukuma da yadda ake karanta shi

Hukumar da ke yi wa waɗannan gidaje rajista tana duba su a Ingila ita ce CQC, wadda ta fara aiki a 2009. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowace tana da tata hukumar daban. CQC tana auna gida a kan tambayoyi biyar: ko akwai aminci a cikinsa, ko kulawar tana haifar da sakamako, ko ma'aikata suna da tausayi, ko ana biyan buƙatun kowane mutum yadda suka dace da shi, da kuma ko shugabancin gidan yana da kyau. Daga nan sai ta ba da maki mai hawa huɗu: wanda ya yi zarra, mai kyau, mai buƙatar gyara, da wanda ya gaza. Doka ta tilasta wa kowane gida ya kafa wannan maki inda baƙi za su gani, ya kuma sa shi a shafinsa na intanet, cikakken rahoton kuwa yana shafin hukumar, kowa na iya karantawa ba tare da biyan ko kwabo ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a kan kalma ɗaya da ke jikin ƙofa. Abu na farko da za ka duba a rahoton shi ne kwanan watan da masu binciken suka shiga gidan. A 2024 gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta binciki ita kanta hukumar, kuma binciken ya gano cewa kimanin ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba, wasu kuma makin da suke taƙama da shi ya haura shekara takwas. A cikin shekara uku kawai gida na iya sauya mai shi, ya sauya manaja sau biyu, rabin ma'aikatansa su watse. Idan makin tsoho ne, to labarin wani gida ne da ya taɓa zama a wannan gini.

Tarihi ma ya nuna cewa ko sabon maki ba hujja ba ne shi kaɗai. Gidan Orchid View da ke West Sussex, na kamfanin Southern Cross, ya samu makin mai kyau a farkon 2010, amma aka rufe shi a 2011, kuma a 2013 mai binciken musabbabin mutuwa ta duba rasuwar mutum 19 da suka zauna a cikinsa, ta yanke cewa sakaci ya taimaka wajen mutuwar biyar daga ciki. Wata ma'aikaciyar ofishin gidan ce ta tona asirin.

Bayan kwanan wata, ka duba makin kowace daga cikin tambayoyin nan biyar daban-daban. A ganina, biyu ne suka fi nauyi, wato aminci da shugabanci. Kusan kowane gida yana samun yabo a fannin tausayi, domin yawancin masu wannan aiki mutanen kirki ne, amma tausayi ba ya hana a ba da magani ba daidai ba idan babu tsari. Ka karanta rahotanni biyu ko uku na baya a jere. Idan matsala ɗaya, misali rikicin rubuta magunguna, ta fito a rahoton farko ta sake fitowa a na biyu, to gidan ba ya koyon darasi. Shafin yana kuma nuna sunan manajan da ke da rajista. Gidan da ya yi watanni babu irin wannan manaja jirgi ne marar matuƙi. Ka ƙara da duba makin tsaftar kicin, wanda ake bayarwa daga 0 zuwa 5, da kuma ko ƙungiyar Healthwatch ta yankin, mai sauraron jama'a a kan harkar lafiya da kula da manya, ta taɓa shiga gidan ta rubuta abin da ta gani.

Gani ya kori ji

Ziyara ɗaya ba ta isa ba. Ka je ta farko da alƙawari, domin ka samu zama da manaja. Ta biyu ka je ba sanarwa, ka kuma zaɓi lokacin da ba a tsammanin baƙi: ranar Asabar ko Lahadi, ko wajen ƙarfe shida na yamma lokacin da ma'aikatan rana suka gaji, masu gigin tsufa kuma suka fara rikicewa kamar yadda suka saba idan rana ta yi sanyi. Gidan da ya ƙi barinka ka shiga sai da alƙawari, ba tare da wani dalili kamar ɓarkewar cuta ba, ya riga ya ba ka amsa.

Kada falon karɓar baƙi ya ruɗe ka. Furanni da kujeru masu laushi da na'urar haɗa kofi an tanade su ne domin mai biyan kuɗi, kyan ɗan maciji ne sau da yawa. Ka nemi a kai ka ɓangaren da mahaifiyarka za ta zauna, musamman idan na masu gigin tsufa ne, wanda galibi yana sama ko can ƙurya bayan ƙofa mai lambobi. Hanci ne zai fara yi maka aiki. Wari na ɗan lokaci a bakin ɗaki ɗaya ba komai ba ne, ana jinya ne. Amma zarnin fitsari da ya kama darduma da kujeru da labule yana nufin ana barin mutane cikin jiƙaƙƙen ƙunzugu na sa'o'i, kuma turaren feshi mai ƙarfi da ya cika hanya shi ma abin tuhuma ne.

Daga nan sai kunne. Kowane ɗaki yana da ƙararrawar kira. Idan ka ji ta tashi, ka dubi agogonka a hankali ka ƙidaya mintunan da za ta yi kafin a kashe ta. Yawancin gidaje na'urarsu tana ajiye wannan lissafi, saboda haka kana iya tambayar manaja tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a amsa kira da dare. Ka leƙa ɗakunan da ƙofarsu ke buɗe ka ga ko igiyar ƙararrawar tana kusa da hannun mai ɗakin, ko kuwa an rataye ta a bango inda ba zai kai ba. Ka kuma saurari yadda ake magana da tsofaffin. Shin ana ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga? Ana kiransu da sunan da suke so? Ko kuwa ma'aikata biyu suna ɗaga mutum suna hirarsu a kansa kamar suna ɗaga buhu?

Idan lokaci ɗaya kawai kake da shi, ka zaɓi lokacin abincin rana, domin a nan ne komai ke fitowa fili. Na taɓa raka wani aboki duba wani gida, muka tarar da wata tsohuwa a kujera an ajiye mata faranti a teburi, amma an tura teburin gefen hannunta da ya shanye. Tana kallon abincin, tana kallon mutanen da ke wucewa. Ma'aikata biyu ne a ɗakin da ke da mutum fiye da goma, kowace tana ciyar da wani. Bayan kusan rabin sa'a wata ta zo ta ɗauke farantin da sanyinsa, ta tambaye ta cikin fara'a ko ba ta jin yunwa ne, ba ta ma jira amsa ba. Na tabbata abin da aka rubuta a takardar ranar shi ne ta ƙi cin abinci. Ba mugunta ba ce, hannu ne ya yi kaɗan, amma sakamakon a jikin tsohuwar ɗaya ne. A wani gidan da muka je daga baya, mun ga ma'aikaciya ta jawo kujera ta zauna daidai da fuskar wani dattijo, tana gaya masa abin da ke cikin cokali kafin ta kai bakinsa, tana jira ya haɗiye, tana goge masa haɓa ba tare da ta mai da shi yaro ba. Ginin wannan gida na biyu tsoho ne, fentinsa ya koɗe, kuma shi abokina ya zaɓa.

Dokar Ingila ba ta ƙayyade yawan ma'aikatan da za a sa wa adadin mazauna ba, cewa kawai ta yi su wadatar. Saboda haka dole ka tambaya da lamba: mutum nawa ne a wannan ɓangare, ma'aikata nawa da rana, nawa da dare, nas nawa. Ka tambayi yawan waɗanda ake ɗaukowa haya daga kamfanonin samar da ma'aikata na wucin gadi, domin baƙon da ya zo daren yau kaɗai bai san cewa Hajiya tana ƙwarewa da ruwa ba. Wannan fanni yana fama da yawan barin aiki, a shekarun nan kimanin ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ma'aikata ke barin wurin aikinsu a kowace shekara, don haka gidan da ka tarar da masu shekara biyar ko goma a cikinsa yana da wani abu da ke riƙe su. Tambayar da na fi so ita ce wadda ake yi wa ƙaramar ma'aikaciya a hanya, ba manaja ba: shekararki nawa a nan, kuma za ki kawo mahaifiyarki? Labarin zuciya a tambayi fuska. Bayan da aka buɗe bizar wannan aiki a 2022, 'yan Nijeriya da 'yan Ghana da yawa sun shiga cikinsa, kuma ba abin mamaki ba ne ka ci karo da mai jin Hausa wadda za ta faɗa maka gaskiya a kaikaice.

Abin da jikin tsoho ke faɗa

Duk wani rahoto da duk wata hira a gefe, shaidar da ba ta ƙarya ita ce jikin mazauna gidan. Ka dubi farcensu, ka dubi gashinsu, ka ga ko kayan da ke jikinsu nasu ne kuma sun dace da yanayi. Ka lura da tabarau da na'urar ji da haƙoran roba, domin tsohon da aka bar na'urar jinsa a aljihun teburi sai a ɗauka ya rikice alhali ji ne kawai ba ya yi. Leɓe busasshe da harshe mai fari alamar ƙishirwa ce. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kofi shida zuwa takwas na abin sha a yini, kuma tsofaffi ba sa jin ƙishi kamar matasa, sai an riƙa miƙa musu. Rashin ruwa yana jawo cutar mafitsara da taurin ciki da faɗuwa da rikicewar hankali ta farat ɗaya, wadda iyali kan ɗauka gigin tsufa ne ya ƙaru.

Inda ya kamata mu, masu baƙar fata, mu fi kowa tsayawa shi ne gyambon kwanciya. Yana fitowa ne inda ƙashi ke danne fata a kan katifa ko kujera: diddige, ƙugu, ƙashin gindin baya, gwiwar hannu, kafaɗa, har bayan kunne ga mai bututun iska. Ana kasa shi hawa huɗu, daga canjin launin fata da ba ta fashe ba har zuwa ramin da ake ganin nama ko ƙashi. An daɗe ana koya wa ma'aikata cewa alamar farko ita ce jan da ba ya gushewa idan an danna da yatsa, to amma wannan ja ba ya bayyana a fatar Bahaushe. A wurinmu wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya riƙa ƙyalli, kuma idan ka taɓa sai ka ji ya fi sauran jiki zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi taushi kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Wanda bai san haka ba ba zai ga komai ba sai fata ta fashe. Ka tambayi nas kai tsaye yadda suke gane farkon gyambo a baƙar fata. Idan ta yi maganar taɓawa da kwatanta ɓangare da ɓangare a cikin haske mai kyau, ta san aikinta. Idan ta ce ja suke dubawa, to akwai aiki a gabanka.

Ƙa'idar hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce wanda ke cikin haɗarin gyambo a sauya masa kwanciya aƙalla kowace sa'a shida, wanda haɗarinsa ya yi yawa kuma aƙalla kowace sa'a huɗu, kuma ana rubuta kowane juyi. Takardar da aka cike da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya daga safe har asuba, kowane juyi a kan daidai ƙarfe kaza ba ragi ba ƙari, an cike ta ne a zama ɗaya. Haka batun nauyi: ana sa ran a auna kowane mazauni sau ɗaya a wata, kuma raguwar da ta kai kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a wata uku zuwa shida abin a tashi tsaye ne, abin da ya haura haka kuwa haɗari ne babba.

Sai magunguna. Idan ka shiga falo da hantsi ka tarar yawancin mutane suna barci, kai a langaɓe, yawu na zuba, ka tambayi dalili. A 2009 rahoton Farfesa Sube Banerjee ya ƙiyasta cewa ana ba masu gigin tsufa kimanin 180,000 magungunan taɓin hankali masu ƙarfi, kuma hakan na jawo ƙarin mutuwar kimanin mutum 1,800 a shekara. An samu sauƙi tun daga lokacin, amma jarabar kwantar da mai hayaniya da ƙwaya ba ta ɓace ba, musamman inda ma'aikata suka yi kaɗan. Ƙa'ida ita ce a fara neman abin da ke damun mutum, ko ciwo ne, ko fitsari ya matse shi, ko tsoro, kuma idan an ba da irin wannan magani a sake duba shi aƙalla kowane mako shida. Ɓoye magani a cikin abinci, ko sa wa gado shinge, ko hana mutum fita, duk suna da matakan doka a ƙarƙashin dokar 2005 da ta shafi masu raunin hankali, kuma dole a ji ta bakin iyali.

Addini da harshe da abincin gida

Kowane gida zai ce maka yana mutunta al'adun kowa, domin doka ta wajabta. Kai dai ka sauko da maganar ƙasa. Daga ina kuke sayo naman halal, kuma a wace tukunya ake dafa shi? A gidaje da yawa halal yana nufin kifi da dankali da wake kullum, har tsoho ya gaji ya daina ci. Za a iya tabbatar da cewa mace ce kaɗai za ta yi wa Hajiya wanka, har da dare, har ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci? A rubuta wannan a cikin tsarin kulawarta, kada a bar shi a fatar baki. Ka yi bayanin buta da tsarki da ruwa, domin su takardar gogewa suka sani. Ka nuna musu alƙibla ka manna alama a bango, ka gaya musu cewa dutsen da ke kan teburi na taimama ne, kada mai shara ta jefar da shi. Ka kawo man shafawa ka ce a shafa bayan kowane wanka, tun da ɗumin na'urar ɗumama ɗaki yana sa fatarmu ta yi furu-furu har ta tsage.

Harshe ya fi duk waɗannan wuyar sha'ani. Mai gigin tsufa yakan rasa harshen da ya koya daga baya ya koma na farko, sai ka ga dattijon da ya yi shekara arba'in yana aiki da Turanci ya wayi gari ba ya jin komai sai Hausa. Idan ya ce ruwa, ko ciwo, ko fitsari, ba wanda ya gane, sai ya fusata, sai a rubuta cewa yana da faɗa. Gida nagari zai karɓi takardar kalmomi ashirin ko talatin daga hannunka da murna, ya manna ta kusa da gado, ya bari a kunna masa karatun Alƙur'ani ko sashen Hausa na BBC a lokacin da ya saba.

Abincin gida yana tayar da sha'awar ci fiye da kowane magani, kuma yawancin gidaje suna yarda a kawo. Sai dai idan tsoho yana da matsalar haɗiya, kada ka ba shi tuwo ko kunu ko fura sai ka tambayi kaurin da masaniyar haɗiya ta ƙayyade masa, domin abin da ya bi hanyar iska yana jawo ciwon huhu.

Akwai kuma maganar da ba ma son yi, amma gara a yi ta tun da wuri. Ka tambaya ko za a bar iyali su kwana idan ajali ya matso, wa za a kira da tsakar dare, kuma ko sun san cewa Musulmi ana gaggauta jana'izarsa. Tun watan Satumba na 2024, duk mutuwar da ba ta je hannun mai binciken musabbabin mutuwa ba sai wani likita daban, wanda ba shi ya yi jinyar mamacin ba, ya duba ta kafin a ba da takarda, kuma gidan da ya saba da Musulmi ya san yadda ake neman a hanzarta. Takardar da ke cewa kada a yi yunƙurin farfaɗo da zuciya idan ta tsaya shawara ce ta likita a kan mutum ɗaya, bayan an tattauna da shi ko da iyalinsa. A 2021 CQC ta fitar da rahoto a kan yadda aka riƙa sa wa mutane ita ba tare da shawara ba lokacin korona.

Kuɗi da yarjejeniya

A Ingila, wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa, wanda ke ƙasa da haka ƙaramar hukuma tana taimakawa gwargwado, kuma ba a lissafa gidan mutum idan matarsa ko mijinta na ciki. Mazaunin gidan jinya da aka tabbatar yana buƙatar nas, hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, tana biyan wani kaso kai tsaye ga gidan, wanda kuma babbar buƙatarsa ta lafiya ce yana iya cancantar NHS ta ɗauki nauyin duka, sai dai sau da yawa sai iyali sun nemi a yi wannan awo da kansu. Ka karɓi yarjejeniyar ka tafi da ita gida kafin ka sa hannu. Ka duba abin da kuɗin mako ya ƙunsa da abin da ake caja daban, kamar rakiya zuwa asibiti da yankan farce da aski, ka duba yadda ake ƙarin kuɗi kowace shekara, da abin da zai faru idan ajiyar tsoho ta ƙare. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta ba da shawara a 2018 cewa kada a ci gaba da cajin kuɗi fiye da kwana uku bayan rasuwa, ko har zuwa kwashe kaya muddin bai wuce kwana goma ba. Kada kuma ka sa hannu a matsayin mai lamuni ko mai biyan cikon kuɗi sai ka tabbata aljihunka zai ɗauka shekara da shekaru. Tsada dai ba ta nuna inganci. Sau da yawa kuɗin gini da unguwa kake biya.

Bayan an shiga

Makonnin farko suna da haɗari sosai, domin ma'aikata ba su san mutum ba, shi ma bai san wurin ba. Ku raba ziyara tsakanin 'yan'uwa ta yadda ba za a iya cewa ga ranar da kuke zuwa ba. Tun watan Afrilu na 2024 ƙa'idar CQC ta wajabta wa gidaje su ba da damar ziyara sai in akwai wani dalili na musamman. Idan ka je, ka cire wa mahaifinka safa ka shafa masa mai a ƙafa, hidima ce a wurinsa, kai kuma ka ga diddigensa. 'Ya mace ta taya a sauya wa uwa kaya lokaci-lokaci domin ta ga bayanta. Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta kwanan wata da abin da ka gani da sunan wanda ka yi wa magana. Ka nemi ganin tsarin kulawa, wanda ya fi sauƙi idan tsoho ya ba ka wakilci na doka a kan lafiyarsa tun hankalinsa na nan. Ka san sunayen ma'aikatan, ka gode musu idan sun kyauta, domin aikin mai nauyi ne, albashin kuma kaɗan.

Faɗuwa da kuskure suna faruwa a kowane gida. Abin aunawa shi ne ko an kira ka nan take an faɗa maka gaskiya, kamar yadda doka ta wajabta idan wani abu mai cutarwa ya auku, ko kuwa kai ne ka tarar da kumburi a goshi kowa ya ce bai san yadda aka yi ba. Mu mutane ne masu kawaici da gudun a ce mun cika ƙorafi, wasu kuma suna tsoron kada a huce a kan tsohon, amma a nan kawaici cutarwa ne. Ka fara da nas ko manaja, idan ba a gyara ba ka rubuta ta imel domin ya zama akwai shaida. Idan kana zargin sakaci ko cin zarafi, ka kira sashen kare manya na ƙaramar hukumar da gidan yake, doka ta ɗora musu alhakin bincike ko da kai ke biyan kuɗin gidan; idan rai na cikin haɗari a lokacin, 999 za ka kira. CQC ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya, amma tana karɓar bayani kuma yana iya sa ta aiko masu bincike. Idan ka bi matakan gidan har ƙarshe ba ka gamsu ba, akwai ofishin sauraron koke-koke na ƙananan hukumomi da kula da manya, wanda ke bincike kyauta, kuma galibi yana so a kawo masa magana cikin wata 12 daga lokacin da ka san da matsalar.